Mai Gidan da Ya Ɓuya wa Ɗan Haya

A Briqueterie, unguwarmu ta Yawunde wadda muke ce wa Birik, ɗan haya ne aka sani da ɓuya wa mai gida. Ni na juya abin. Na yi mako shida cur ina ɓuya wa ɗan hayata, dattijo, wanda ko gani ba ya yi sosai. Ba abin alfahari ba ne, amma tunda matata ta riga ta ba rabin unguwa labarin da nata gishirin, gara a ji daga bakina.

Gidan na gado ne: ɗakuna biyar na haya, shago ɗaya a bakin titi, mu kuma muna zaune daga ciki. A zamanin mahaifina babu takarda. Mutum ya zo da wanda ya san shi, a gaisa, a sha shayi, a miƙa masa makulli. Ni kuwa na yi shekaru ina buga wa jama'a takardu a wani ɗan shago kusa da ma'aikatun gwamnati, na ga yadda Faransanci yake ɗaure mutum tamau. Da gidan ya dawo hannuna sai na zauna na tsara kontira, wato yarjejeniyar haya, mai shafi huɗu. Shekara guda ba fita. Wanda zai tashi ya sanar da ni tun da sauran wata uku, wanda ya tashi kafin wa'adi ya cika sauran watannin. Har hatimi na sa aka sassaƙa mini a Messa, ina buga shi da ƙarfi don ɗan haya ya san zamani ya canza.

Wanda ya fara gwada kontirar wani mahauci ne da ke ɗakin kusa da famfo. Ranar nan an idar da la'asar, ina duƙe a ƙofar masallaci ina neman takalmina na hagu, sai na ji an kama hannuna da hannu biyu.

"Maigida, tafiya ta kama ni," ya ce, da murya yadda kowa zai ji. "Jibi zan koma Ngaundare. Duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

Liman yana bayana. Dattawan sahun gaba suna gefe suna gyaɗa kai. Me mutum zai ce? Na ce, "Na yafe, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini." Aka shafa fatiha, kowa ya kama gabansa.

Washegari na ɗauki kontira na same shi yana ɗaure kaya, na nuna masa da yatsa cewa saura wata huɗu. Ya dubi takardar, ya dube ni, fuskarsa cike da mamaki na gaskiya.

"Ashe jiya ba ka yafe ba?"

"Na yafe, amma wannan ai daban ne."

"Duniya da lahira fa ka ce, Maigida. Wannan a wacce take?"

Na naɗe takardata na koma ciki. Matata tana tankaɗe a tsakar gida, duk ta ji. Kafaɗunta kawai ke rawa don dariya.

Na biyu direba ne, shi ma a ƙofar masallaci ya ritsa ni. Wannan karon na zo da shirina. Na ce, "Na yafe, amma ban da…" Ban ƙarasa ba wani tsoho mai sayar da turare ya juyo gaba ɗayansa ya ce, "Yafiya da amma? Ɗan marigayi ne ke magana haka?" Nan take na haɗiye ammar. Bayan wannan na ƙara sashe na tara a kontirar, wanda ya ce ban kwana a ƙofar masallaci ba ya soke haya. Na kai wa wani abokina da ke aiki da lauya ya duba mini. Ya karanta, ya cire tabarau, ya goge hawayen dariya, ya roƙe ni in bar masa kwafi ɗaya ya nuna wa ogansa.

Da na uku ya tafi ta wannan hanyar, sashe na tara yana kallo, sai na zauna na yi wa kaina lissafi. Takardar ba ta da laifi. Bakina ne ƙofar da suke fita ta ciki. In aka roƙe ni ido da ido, ba zan iya hanawa ba. Amma mutanenmu na ƙwarai ba sa barin gida ba su yi sallama da mai shi ba. Ke nan in ba a same ni ba, ba za a roƙe ni ba, in ba a roƙe ni ba, ba za a tafi ba. Na daɗe ban ji daɗin kaina kamar ranar da wannan dabara ta faɗo mini ba.

Wanda dabarar ta faɗa kansa shi ne tela mai shagon bakin titi. Bafulatani ne mutumin Garwa, mai aikin wuyan manyan riguna, kowa Baba yake ce masa. Tun ina makarantar firamare yake shagon. Duk shekara in na kai masa kontira sai ya sa hannu bai duba ba, ya ce, "Ɗan marigayi ne ya rubuta, me zan karanta?" A lokacin wata biyar ke nan da ya sa hannu a sabuwa, saura bakwai.

Matata ce ta kawo mini labarin, ina cin abincin rana. Ta ce idon Baba ya ƙi. Likita ya gaya masa jijiyar ce ke mutuwa a hankali, ba abin da za a yi wa aiki ba ne, kullum ganin raguwa yake. Ga shi 'yarsa ta haihu a Garwa, mace, jikarsa ta farko, ta kuma ce ya tattara ya dawo gida gaba ɗaya.

"So yake ya ga yarinyar tun yana iya gane fuska," ta ce. "Ya ce zai zo ya yi maka sallama."

Na ce duk telan da ya tsufa kukan ido yake yi, tabarau ne maganinsa. Na ce wata bakwai ba shekara bakwai ba ce. Na faɗi abubuwa da yawa, duk masu ma'ana a kunnena. Gaskiyar magana kuwa na ji abin da ta ce sarai, na ɗauke shi na ajiye gefe. Kuma ba kuɗin ne ya dame ni ba, don shago a bakin wannan titin ba ya kwana biyu babu mai so. Ina so ne sau ɗaya tak a rayuwata kontirar nan ta yi aiki, in je majalisar mai shayi in zauna ba a tambaye ni lafiyar sashe na tara ba.

Wahalar farko ita ce ƙofar gidanmu tana manne da ƙofar shagonsa. Sai na koma fita ta baya, ta wani lungu da ke bin kwata, in ratsa gidan maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai, in ɓulla ɗaya titin. Damina ce, jar lakar Yawunde kuwa ba ta san mai gida ba. Kullum wandona ja har gwiwa. Mai ƙosai ta fara kallona da wani irin ido, dole na riƙa sayen ƙosai duk wucewa don in wanke kaina.

Masallaci ma na canza, tunda nan ne wurin haɗari. Na koma sallah a masallacin unguwar Tsinga, can kan tudu. Wanda ya san tudun nan ya san abin da nake nufi. Cikin mako biyu tumbin da na yi shekara goma ina renonsa ya fara janyewa, matata ta ce ko ba komai Baba ya yi abin da likita ya kasa.

Ita ce babbar matsalata. Na roƙe ta in ya zo ta ce na fita. Ta ce ba za ta yi wa tsoho ƙarya ba. Ya zo ya yi sallama, ta ce, "Ya fita, Baba. Ta baya." Washegari na leƙa lungun, sai ga shi zaune a kan benci kusa da kaskon mai ƙosai, da carbinsa. Na lallaɓa na fita ta gaba. Ya kira ni a waya, ban ɗauka ba. Na aika masa ta bakin matata cewa ya faɗi saƙon a ba ni. Ya ce maganar ba ta waya ba ce, ba kuma ta aike ba ce.

Wata Asabar da hantsi ya shigo har tsakar gida ina cikin banɗaki. Na ji muryarsa, na tsaya da buta a hannu. Matata ta shimfiɗa masa tabarma daidai ƙofar banɗakin, ta dafa masa shayi. Ya shanye, ta ƙara masa. Ta tambaye shi labarin Garwa tun daga zuwan kakansa garin. Ya shanye na biyu, ta ce bari ta kawo burodi. Sauro suka same ni a tsaye ba riga, ga shi ba damar tafa su. Da ya tashi tafiya bayan kusan awa guda, na fito duk jikina ruɗu-ruɗu, ta dube ni ta ce, "Au, Malam, kana ciki? Na ɗauka ka fita ta baya."

A kasuwar Mokolo ma na taɓa hango farar hularsa daga nesa, na faɗa rumfar wani mai gwanjo na tusa kaina cikin riguna. Mai rumfar bai bar ni na fita ba sai da na sayi wata jibgegiyar rigar sanyi, irin ta ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Da na leƙo na ga ashe ma ba Baba ba ne.

Shi kuwa ya riga ya sayar da kekensa, ya raba zarensa ga telolin layin, ya ɗaure kayansa cikin buhu uku. Kullum zai buɗe shagon da babu komai a ciki, ya shimfiɗa tabarma ya zauna yana fuskantar ƙofa. Matata ta ce masa, "Baba, ka ba ni makullin ka tafi abinka, ni zan ji da shi." Ta ce murmushi ya yi ya ce, "Shekara talatin ina shan ruwan gidan nan. In fita kamar ɓarawo?" Da ta gaya mini haka na ji wani abu ya soke ni a ƙirji. Sai na ce wa kaina wannan ai alama ce dabarar tana aiki, na je na kwanta.

A mako na shida ne asirina ya tonu, a cikin tasi.

Na idar da azahar a Tsinga, ina da wata 'yar hidima a cikin gari, na tari tasi. Baya ta cika da mutum uku, aka ba ni gaba. Motar ta gangaro ta bakin Birik, na ja hula na nutse cikin kujera. Direban ya rage gudu kusa da masu jira, kowa yana duƙowa yana kiran inda za shi. Sai na ji wata murya da na sani tun ina yaro ta ce, "Gar!", wato tashar jirgin ƙasa. Direba ya danna oda alamar ya yarda. Kafin in yi wani tunani an buɗe ƙofata. A tasin Yawunde kujerar gaba ta mutum biyu ce, kowa ya sani. Baba ya laluba bakin ƙofar, ya shigo, ya zauna a kan rabin cinyata.

Hannuna na dama ba shi da wurin zuwa sai bayan wuyansa. Haka muka tashi, mai gida rungume da ɗan hayarsa.

"Salamu alaikum," ya ce.

Amsa sallama wajibi ne. Na amsa ta can cikin maƙogwaro, kamar mai ciwon haƙori. Na juya fuska wajen direba ina jiran Baba ya gane ni ya kira ni. Bai kira ba.

Direban ɗan Arewa ne, ya ji Hausa. Ya ce, "Baba, tafiya za a yi ba kaya?"

"A'a, ɗana. Tikiti zan ɗaga. Karo na uku ke nan."

"Lafiya?"

Sai Baba ya kwashe labarin duka ya ba shi, tiryan-tiryan: idon, jikar, shagon, da mai gidan da ba ya samuwa. Direba yana juya wa na baya da Faransanci. Wata mata mai kwandon kifi ta ce ya jefa makullin a kwata ya tafi. Wani mai jaka irin ta ma'aikata ya ce duk masu gidajen garin nan uwarsu ɗaya, in famfo ya lalace ba ka ganinsu, ƙarshen wata kuwa ko a ƙarƙashin gado kake sai sun zaƙulo ka. Direba ya ce wannan dai ya fi kowa, Allah ya sa ya shigo motarsa wata rana. Ina zaune gwiwata tana gugar giyarsa. Mai kifi ta zagi mai gidan da wani zagi da ban taɓa ji ba, mai kyau ƙwarai, har na so in tambaye ta na wane yare ne.

Ana haka muka wuce inda zan sauka. In na ce a tsaya, muryata ta tona ni. Direba ya ce, "Alhaji, ba nan ka ce ba?" Na nuna gaba da yatsa.

"Kada ku zage shi," Baba ya ce. "Yaron kirki ne. A kan teburina na yanka yake barci in an taso su daga makaranta. Ni tsorona kada wata damuwa ce ta same shi yake ɓoyewa, ko ciwo. Matarsa ta ce ya rame." Ya gyara zama a kan cinyata. "Lokacin da na fara nemansa ina gane mutum in ya zo kusa. Yanzu sai dai in ga an tsaya a gabana. Amma mutum ba ya fita gidan mutane haka nan." Sai ya juyo gare ni, fuskarsa da tawa ba su fi tsawon tafin hannu ba, ya buɗe idanun nan a kaina ya ce, "Ko ba haka ba, ɗan'uwa?"

Na gyaɗa kai. Ya ci gaba da kallona yana jiran amsa, don bai ga na gyaɗa ba.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ba kunya kaɗai ba ce, har da tsoro. Mako shida ina ratsa kwata, ina hawa tudu, ina tusa kai cikin gwanjo, don kada mutumin nan ya gan ni. Ga shi a kan cinyata yana kallon tsakiyar idona, bai gan ni ba.

A tashar kowa ya sauka. Baba ya tsaya a bakin titi yana laluben dakali da ƙafa. Ya ji motsina kusa da shi ya ce, "Ɗan'uwa, don Allah kai ni wurin masu tikiti." Na kama hannunsa. Mun yi taku kamar goma kafin bakina ya buɗe.

"Baba, ni ne."

Ya tsaya cak. Sai ya damƙi hannuna da hannu biyu, damƙa ta gaske, ta wanda ya san abin da ya kama yana iya suɓucewa.

"Maigida! Alhamdu lillahi. Lafiyarka ƙalau?"

"Ƙalau nake, Baba. Ba ciwo, ba komai. Ɓuya nake yi maka, don kada ka yi mini sallama ka tafi."

Na zaci zai yi fushi, na ma so ya yi. Sai ya ce, "To, kafin ka sake," ya gyara tsayuwa a tsakiyar masu dako da masu sayar da lemo, ya ce tafiya ta kama shi, duk abin da ya yi mini, wanda ya sani da wanda bai sani ba, in yafe masa.

Na ce na yafe, duniya da lahira. Na ce shi ne zai yafe mini, ni kuwa na san abin da na yi. Ya ce ya yafe, ya laluba aljihu ya ciro makullin ya sa a tafina. Ba a ɗaga tikitin ba. Washegari da yamma ni na ɗauki buhunan nan uku na kai su tasha, na samu wani ɗan kasuwa mai zuwa Garwa na haɗa su, na tsaya har jirgin ya tashi. Ya ɗaga hannu ta taga yana yi wa wani ɓangaren da ba na wurin.

Na bar shi ya huta kwana uku sannan na kira. Muka gaisa, na tambayi hanya, ya ce jirgin ya yi latti amma sun isa lafiya. Ina jin hayaniyar mata a bayansa, da ƙarar taɓarya. Na yi ta zagaye-zagaye, na tambayi zafin Garwa, na tambayi mai jego, sannan na ce, "Baba, yarinyar fa? Ka gan ta?"

"Tana hannuna yanzu haka," ya ce. "Nauyi gare ta, masha Allah. Gashi cike da kai, na shafa na ji." Ya yi 'yar dariya. "Sun ce kamarmu ɗaya. Duk wanda ya shigo haka yake faɗa. Na ce to, tunda ku kuka gani."

Na riƙe wayar a kunne. Shirun ya yi tsawo har ya ce, "Maigida? Kana nan, ko ka sake ɓuya?"

Na ce ina nan, Baba.